Daga Rijiyar Zaki Zuwa Funtuwa: Wa Zai Tallafa Wa Mata Mawaƙa?

Duk wanda ya baro birnin Kano ta Kabuga, ya miƙi hanyar Gwarzo, ba zai yi wata tafiya mai nisa ba zai tarar da Rijiyar Zaki, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Ungogo. A shekarun baya wannan wuri ƙauye ne na manoma, irin ƙauyukan nan da suka kewaye Kano, inda gona ke manne da gona, ba a barin ko taƙi ɗaya na ƙasa ya shekara ba a noma shi ba. Gero da dawa da gyaɗa da wake su ne abin shuka, jakuna kuwa su kai itace birni su komo da taki. Yau birni ya cim ma garin ya haɗiye shi, gidajen siminti sun maye gurbin gonaki masu yawa, sai an ƙara gaba wajen Rimin Gata da Janguza sa'an nan ake sake ganin karkara sosai.

To, ba gonaki kaɗai birni ya ci ba. A cikin gidajen karkarar Kano akwai wata dukiya wadda ba a auna ta da mudu, watau waƙoƙin mata. A da, mace tana niƙa tana waƙa, tana reno tana waƙa, in an taru wajen daka a yi lugude, in an gina sabon ɗaki mata su haɗu su yi daɓe da waƙa. 'Yan mata su yi gaɗa a dandali lokacin farin wata, amarya da ƙawayenta su buga shantu, ranar biki ko suna kuma a kirawo masu kiɗan ƙwarya su wuni a tsakar gida. Da injin niƙa ya zo sai waƙar niƙa ta yi shiru, siminti ya kawar da daɓe, a bukukuwa da yawa kuma yanzu saurayi ɗaya mai na'ura da manyan lasifikoki shi ke riƙe da filin da mata bakwai ko takwas suke ci da shi a da.

Abin tambaya a nan shi ne, ina makomar matan da waƙa ita ce sana'arsu, kuma wane irin tallafi ne zai amfane su? Tarihin abin da ya gudana a Kano da Funtuwa da Maraɗi ya nuna cewa waɗannan mata ba sadaka suke nema ba. Sana'a ce a hannunsu, kamar saƙa ko rini, abin da suka rasa shi ne abin da kowace sana'a ke bukata: wurin koyo, da hanyar adana aiki, da biyan haƙƙi, da mutunci a idon jama'a.

SANA'AR DA BA TA DA UBANGIDA

Kamar yadda aka sani, yawancin manyan makaɗan Hausa maza sun tashi ne a inuwar wani ubangida. Ibrahim Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, Musa Ɗanƙwairo ya yi wa sarakuna da dama kiɗa, Sarkin Taushin Katsina kuwa sunansa ma ya nuna fadar da yake yi wa aiki. Ubangida shi ke ba da doki da riga da hatsi, wani lokaci har da gida da gona. Da zamani ya sauya sai gidajen rediyo da kamfanonin faifai da 'yan siyasa da attajirai suka karɓi wannan matsayi. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, sai da ya kai Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988.

Ga mata al'amarin ya sha bamban. Gaskiya ne akwai zabiyoyi a fada, masu guɗa da kirari, amma mafi yawan mata mawaƙa ba su da wani ubangida in ban da 'yan'uwansu mata. Kasuwarsu ita ce tsakar gida, ranar wuni ko ranar suna, inda namiji ba ya shiga. Kayan aikinsu kuwa ba su fi ƙarfin kowace mace ba: ƙwarya ce a kife ta a kan ruwa cikin babban mazubi domin ta ba da amo mai kauri, a kife wasu a ƙasa, a riƙa bugun su da 'yan sanduna, shugaba tana ba da waƙa, 'yan amshi suna karɓa. Wannan shi ne kiɗan amada. Ladansu shi ne abin da uwar biki ta bayar, da abin da mata suka yi kari da shi daga ribar ƙuli-ƙuli da ƙosai da adashi. Ke nan sana'a ce wadda kuɗin mata suka rena tun daga tushe.

A birnin Kano marigayiya Uwaliya Mai Amada tana cikin waɗanda suka fara fito da wannan kiɗa daga tsakar gida har sunansa ya bazu. Amma wadda ta kai shi ƙoli ita ce Hajiya Sa'adatu, wadda duniya ta sani da Barmani Coge. Abin lura shi ne, hanyar nan da ta ratsa Rijiyar Zaki ita ce ke bi ta Gwarzo da Dayi da Malumfashi har ta kai Funtuwa, garin da Barmani ta zauna, ta yi suna, ta kuma rasu a watan Maris na 2013. Ta shafe shekaru masu yawa tana yawon bukukuwa a ƙasar Hausa, muryarta ta shiga faifai da kaset da rediyo da talabijin, har ya zamana da wuya a sami gidan Bahaushe da ba a san ta ba.

Abin da ya ɗaukaka Barmani ba zaƙin murya ba ne kawai. Ta ɗauki zancen da mata ke yi a tsakaninsu ta mai da shi waƙa: zaman kishi, da wahalar haihuwa da darajarta, da son abin hannu, da wautar macen da ta zauna ba ta da sana'a. Tun kafin ofisoshin gwamnati su cika da zancen koya wa mata sana'a, ita tana faɗa wa mata su tashi su nema, cikin harshen da suke ji, a wurin da suke taruwa. Lalle akwai waƙoƙinta da wasu suka ga sun yi tsiraici da yawa, an kuma soke ta a kan haka. Sai dai ya kamata a tuna cewa waƙoƙin an shirya su ne domin taron mata zalla, kaset ne ya fitar da su kasuwa da tasha, inda kunnen da ba a yi su dominsa ba ya ji su.

RANAR DA GWAMNATI TA BUKACI MURYARSU

Ba a taɓa rasa shaidar cewa waƙar mace tana iya ɗaukar babban aiki ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta tsara waƙoƙi na ilmi da wa'azi da Fulatanci da Hausa da Larabci, ta kuma naɗa jajoji waɗanda ke haddace su suna kai wa matan ƙauyuka. Tsarin nan na 'yan taru ya nuna cewa tun a wancan zamani an gane hanyar da ta fi saurin kai saƙo cikin gida ita ce baitin da mace za ta rera wa mace.

A shekarun 1970 an sake ganin haka a Kano. Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu mata ne masu rubuta waƙa, suna kuma rera ta a gidan rediyo. A lokacin gwamnati na da saƙonni masu yawa da take son su isa ga talakawa: an bar fam da sule an koma Naira da Kwabo a ranar 1 ga Janairu, 1973, an yi ƙidayar jama'a a wannan shekara, ga kuma yaƙi da jahilci da kiwon lafiyar yara. Irin waɗannan batutuwa su ne suka cika waƙoƙin matan nan biyu. Macen da ke cikin kulle a ƙauye irin Rijiyar Zaki, wadda ba ta zuwa taron lacca, ba ta kuma karanta jarida, ta rediyo take jin bayani.

Abin da ya taimaki waɗannan mata bai taka kara ya karya ba wajen kuɗi. Sun sami ƙungiyoyin marubuta waƙa na Kano, irin su Hikima Kulob ta Alhaji Mudi Sipikin, inda ake sauraren juna ana gyara wa juna. Sun sami fili a rediyo. Daga baya wata Ba'amurkiya mai nazari, Beverly Mack, wadda ta zauna a Kano tana bincike, ta tattara waƙoƙinsu, Kamfanin NNPC na Zariya ya buga su a 1983 da sunan Alƙalami a Hannun Mata. A 2004 kuma ta fitar da wani littafi da Turanci a Amurka kan waƙoƙin matan Hausa. Saboda wannan ɗan ƙoƙari ne ɗalibi zai iya ɗaukar aikin matan nan ya karanta a yau. Sauran takwarorinsu da ba su gamu da mai rubutawa ba, sun tafi da abinsu a ka.

ZAMANIN FIYANO DA SITUDIYO

Masu iya magana sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Tun daga 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano, sana'ar fim ɗin Hausa ta fara tsayawa, da ta bunƙasa kuwa sai waƙa da fiyano suka zama gishirinta. Wannan ya buɗe wa mata wata sabuwar ƙofa. Sunaye irin su Rabi Mustapha, da Maryam A. Baba, da Maryam Fantimoti, da Zuwaira Isma'il, da Murja Baba, da Fati Nijar, wadda ta taso daga Maraɗi ta zauna a Kano, duk a wannan fage aka san su.

Amma fa sabuwar ƙofar ta zo da tsohuwar matsala cikin sabuwar riga. A mafi yawan lokuta mawaƙiya takan shiga situdiyo ne ta ɗora murya a kan waƙar da wani ya rubuta, a biya ta ladan ranar, shi ke nan. 'Yar wasa ce za a gani a fim tana motsa baki, mai shirya fim ne ke da mallakar waƙar, in kuma waƙar ta karɓu aka yi shekaru ana jin ta, mai muryar ba ta da sauran rabo. A zamanin kaset da faifan CD masu satar fasaha sun cinye ribar, da aka koma tura waƙa ta wayar hannu sai abin ya ƙara taɓarɓarewa. Yanzu akwai kuɗin da ake samu ta YouTube da makamantansa, sai dai suna shiga aljihun wanda ya buɗe shafin ne, sau da yawa kuwa ba mawaƙiyar ba ce.

Bayan kuɗi akwai maganar mutunci. Har yanzu a gidaje da yawa ana haɗa waƙa da roƙo, ana kuma yi wa macen da ta fito bainar jama'a wani irin kallo. Mata da dama masu baiwa sun ajiye waƙa ranar da aka ɗaura musu aure. Gwamnatin Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001 domin sa ido kan abin da ake fitarwa, ƙungiyoyin 'yan fim su ma suna da nasu hukunci, kamar yadda aka gani a 2016 sa'ad da ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda fitowar da ta yi a bidiyon wata waƙa, kafin daga bisani a janye korar. Ba wanda zai ce kada al'umma ta tsare tarbiyyarta. Abin da ke akwai shi ne, hannun da ke tsawatarwa ya fi hannun da ke renon sana'ar ƙarfi nesa ba kusa ba. Uban da ya iya bulala kaɗai, bai iya ciyarwa da koyarwa ba, bai gama aikinsa ba.

ABIN DA MAƘWABTA SUKA YI

Ba sai an je Turai neman misali ba. A Jamhuriyar Nijar an ƙirƙiro gasar kiɗa da waƙa ta ƙasa mai suna Kyautar Ɗan Gurmu a 1987, ba da daɗewa ba kuma aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai, inda ake horar da makaɗa maza da mata, ana kuma ajiye kayan kiɗan gargajiya. Marigayiya Hamsu Garba, haifaffiyar Maraɗi, wadda ta rasu a 2022, ta yi aikin hukuma a Yamai, ta kuma kafa ƙungiyarta ta Annashuwa, ta yi suna a ƙasar baki ɗaya. Aikin ofis bai hana ta waƙa ba, waƙa kuma ba ta zubar mata da girma ba.

A ƙasar Mali, Umu Sangare ta fara ne da bin mahaifiyarta gidajen biki da suna a Bamako, daidai yadda 'yar amshin amada ke farawa a ƙasar Hausa. Kundinta na farko, wanda ma'anar sunansa ita ce Mata, ya yi magana ne kan aure da halin da mata ke ciki, abin da Barmani ta shekara tana faɗa. Bambancin shi ne ita ta sami situdiyo mai kyau, da yarjejeniya a rubuce, da masu kai aikinta kasuwannin duniya, har Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa ta jakadiyarta a 2003. Baiwa ɗaya ce, abin da aka gina a kanta ne ya bambanta.

INA ZA A FARA?

A takarda Nijeriya ba ta rasa tanadi ba. Akwai Dokar Haƙƙin Mallaka tun 1988, an kuma sa hannu kan sabuwa a 2023, wadda ta amince da haƙƙin mai rerawa, ta kuma ba fasahar gargajiya kariya. A 2019 Babban Bankin Nijeriya ya ɓullo da shirin ba da rance ga masu sana'o'in fasaha, ciki har da kiɗa da fim. A 2023 aka kafa ma'aikata ta musamman mai kula da fasaha da al'adu a Gwamnatin Tarayya, aka kuma danƙa ta a hannun Hannatu Musawa, 'yar Jihar Katsina. Sai dai shugabar masu kiɗan ƙwarya a ƙauyen Ungogo ba ta da kamfani mai rajista, ba ta da takardar tsarin kasuwanci da Turanci, wataƙila ma ba ta taɓa jin labarin shirin ba. Tallafin da ke zaune a Abuja yana jiran a zo a cike fom, ba zai taɓa iske ta ba. Dole ne tallafi ya bi waƙar zuwa inda take.

Abu na farko shi ne adanawa, domin shi ne ba ya jira. Sabon mazaunin Jami'ar Bayero yana maƙwabtaka da Rijiyar Zaki, tafiyar 'yan mintoci ce tsakaninsu. A jami'ar akwai Sashen Koyar da Harsunan Nijeriya, da cibiyar nazarin harsuna da hikimomin al'umma, da sashen wasan kwaikwayo. Malamanta irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, mai Diwanin Waƙoƙin Baka, da Farfesa Abdalla Uba Adamu, wanda ya yi rubutu a kan Barmani, sun riga sun share hanya. Ɗaliba mace tana da abin da malami namiji ba shi da shi, watau izinin shiga cikin gida. In kowace ɗaliba mai rubuta kundin kammala karatu a wannan fanni za ta zauna da tsohuwa ɗaya, da yardarta, ta ɗauki waƙoƙinta, ta rubuta sunanta da garinta, ta kuma mayar mata da kwafi, cikin 'yan shekaru za a tara taska babba. Haka nan ya kamata Rediyon Kano da Rediyon Tarayya na Kaduna da gidan talabijin na ARTV, wanda aka buɗe da sunan CTV a zamanin Gwamna Abubakar Rimi, su juye tsofaffin kaset ɗinsu cikin kwamfuta kafin zafi da ƙura su gama da su.

Na biyu shi ne biyan haƙƙi. Yarjejeniya 'yar shafi ɗaya da Hausa, mai faɗin nawa za a biya mawaƙiya, da ko tana da kaso in waƙa ta yi kasuwa, da wajibcin ambaton sunanta, za ta magance rigingimu masu yawa. Hukumar da ke yi wa mawaƙa rajista tana da ikon ta sa wannan ya zama sharaɗi ga masu situdiyo. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka kuma ta fassara dokarta da Hausa, ta bayyana ta a rediyo.

Na uku shi ne aiki. Ma'aikatun lafiya da ilmi da aikin gona suna kashe kuɗi kan wayar da kan jama'a game da rigakafi da awon ciki da sa 'ya'ya mata a makaranta, kuma matan cikin gida su ne ake nufi da yawancin saƙonnin. Abin da ya yi aiki a 1973 zai yi aiki yanzu. Jami'in da ke tsara irin wannan shiri ya tuna da ƙungiyoyin mata na ƙananan hukumomi, ya ɗauke su aiki da farashi sananne, ya biya su kan lokaci, ba a kira su ranar taro su yi kiɗa a rana a sallame su da kuɗin mota ba.

Na huɗu shi ne wurin koyo da wurin wasa wanda iyaye da mazaje za su natsu da shi. Cibiyoyin mata na ƙananan hukumomi, inda ake koyar da ɗinki da saƙa, za su iya ware rana ɗaya domin tsofaffin gwanaye su koya wa 'yan baya, a kuma biya su ladan koyarwa. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, mai mazauni a Gidan Ɗan Hausa, za ta iya shirya gasar shekara-shekara ta mata zalla, masu kallo mata, alƙalai mata. Wannan bai saɓa wa al'ada ba, domin a haka amada ta tashi tun asali.

Ko shakka babu, ba kowace waƙa ce za ta dawo ba. Ba wanda zai ce mata su koma niƙa a dutse domin a ji waƙar niƙa. Amma a gidajen Rijiyar Zaki da ƙauyukan da ke bayanta har yanzu akwai tsofaffin da suka yi daɓe da gaɗa da shantu da hannunsu, akwai kuma jikokinsu masu murya da ke rera waƙa a waya suna ɓoyewa. An saba a ƙasar nan sai gwani ya kwanta dama sa'an nan a cika jaridu da yabonsa, kamar yadda aka yi wa Barmani a 2013. Waƙa dai a bakin mai ita ta fi daɗi, saboda haka ya kamata hukuma da jami'a da gidajen rediyo su je su saurara, su kuma biya, tun masu ita suna da rai.